Ranar da Aka Nemi Dangin Madam

Ina aji biyu na sakandare a lokacin, shekarun da naira ta shigo sabuwa, tsofaffi suna ta rikici da ita a kasuwar Kafanchan. Makarantarmu ta 'yan mata ce, tana can bayan gari, kuma da yawa cikin malamanmu baƙi ne daga ƙasashen waje. Wadda take koya mana lissafi 'yar Indiya ce. Madam kawai muke ce mata. Mijinta yana koyar da kimiyya a makarantar maza, shi kuma Masta muke ce masa. Kirista ne su biyun. Ran Lahadi sukan zo cocinmu su zauna a bencin ƙarshe, ba sa jin Hausa, amma sukan buɗe littafin waƙoƙi su riƙa bi da yatsa.

Kowa a garin ya san baƙin malamai suna da wata takarda da ake ce wa inshora. Ban taɓa ganinta ba, sai dai na sha jin manya suna zancenta. Wai in ɗayansu ya kwanta ciwo ba ya bin layin kati irin namu. Wani kamfani ne a Kaduna zai ɗauki nauyin komai, a kai shi babban asibiti, in abin ya yi tsanani har jirgin sama a turo. Babana, wanda hedimasta ne a firamare, yakan ce, "Su ai ko ciwonsu da tsari yake zuwa." Don haka ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa Madam za ta buƙaci wani abu daga wurinmu.

Wata Talata ce, tsakiyar damina. Cikin Madam ya tsufa, amma ba ta fasa zuwa aji ba. Ni a layin gaba nake zama saboda gajarta, kuma da yake ba na iya haɗa ido da mutane, ƙasa na fi kallo. Na san ƙafar kowace malama. Madam tana sa takalmi mai igiya ɗaya, da ɗan zoben azurfa a yatsar ƙafarta. Tana rubutu a allo, ta ba mu baya, sai na ga ɗigo ɗaya ya faɗo kan siminti tsakanin ƙafafunta. Na ɗauka ruwan rufi ne, don kwanon ajinmu yana yoyo. Da na biyu ya faɗo sai na ga ja ne.

Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Na juya wurin wadda muke benci ɗaya, tana ta kwafe lissafi. Har yau ina jin nauyin wannan shirun da na yi, don na daɗe ina kallo, ɗigon yana zama layi, yana bin tsagar simintin. Alli ne ya karye a hannunta. Ta juyo, leɓɓanta sun yi fari kamar toka, ta ga inda nake kallo, ita ma ta duba. Ba ta yi ihu ba. Ta ce da Turanci, "Ke, zo nan." Na je, ta kama wuyan hannuna, ta zauna a ƙasa a hankali.

Ba ta sake ni ba har aka sa ta a motar shugabar makaranta, shi ya sa aka tafi da ni. A hanya motar tana faɗawa ramuka, ita kuma tana ƙara matse hannuna. Rigar makarantata fara ce. Kafin mu kai asibiti gabanta duk ya ɓaci.

Na san asibitin, don na taɓa kwana biyu a can lokacin da kakata ta karye. Kowane majinyaci yana da nasa mutum. Bayan ɗakin mata akwai rumfa inda 'yan uwa suke kafa murhu, su dama kunu, su wanke zannuwa su shanya a kan waya. Asibiti yana ba da gado da magani da likita. Sauran duk na dangi ne. Aka shiga da Madam ciki, wata nas ta ɓamɓare yatsunta daga hannuna, aka bar ni a baranda.

Ba a daɗe ba Masta ya iso a kan babur, da wata jakar fata a rataye. Ya buɗe ta tun kafin ya gaisa da kowa, ya fito da takardar. Ashe shafi uku ce, an sa ta cikin leda, da tambari shuɗi a sama. Shugabar makarantarmu ta gan ta, ta yi ajiyar zuciya, ta ce wa direba, "To, alhamdu, takardarsu ta zo. Mu koma, an bar yara ba kowa." Ta manta da ni, ni kuma ban iya cewa ga ni ba. Na ga motar ta fita ƙofa.

Likita ɗaya ne a asibitin. Ya fito yana goge hannu, suka tsaya da Masta daf da ni, suna Turanci. Na ji komai. Ya ce mahaifa ce ta tare hanya, jini yana zuba, dole a yi mata aiki yau, kuma ba zai sa wuƙa ba sai yana da jini kwalba biyu a ajiye, uku in da hali.

Masta ya nuna masa wani layi a takardar. Ya ce an rubuta asibitocin da za a kai su, a Kaduna ko Jos, kuma sai an nemi izinin kamfanin tukuna. Ya ce, "Ba za a yanka ta a nan ba. Za su turo mota, ko jirgi."

Likita ya ce, "A kan wannan hanyar, da wannan ruwan, ko Godogodo ba za ta kai ba."

"Takardar ta ce har da jini."

"Na gani. To, bari a fara gwada naka."

Aka kira mai gwajin jini, wani dattijo mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ya soki yatsan Masta, ya ɗiga a kan gilashi, ya juya da tsinke, ya ɗaga wajen haske. Ya girgiza kai. Jinin mijin bai dace da nata ba. Masta bai tsaya jin sauran bayani ba. Ya ce zai je tashar jirgin ƙasa, wayarsu ta fi samun Kaduna, yanzu zai dawo da izini. Ya hau babur ya tafi da takardar.

Likita ya koma ciki. Dattijon ya tsaya yana goge gilashinsa, sai ya lura da ni a jikin ginshiƙi.

Ya ce da Hausa, "Yarinya, ke 'yar gidansu ce?"

Na ce, "A'a, Baba. Ɗalibarta ce."

"Ina danginta?"

"Suna Indiya."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Mijin nan yana tsammani akwai ɗakin da muke jera jini kamar kwalaben lemo. Firijinmu na kananzir ne, allurai ma da ƙyar yake riƙewa. Mu nan a jikin dangi muke ajiye jini. In mutum ya zo, danginsa su zo da shi." Ya dubi babbar nas da ta fito da kwano a rufe. "Sista, ya ake ciki?"

Ta ce, "Ruwa na biyu ke nan muka ɗaura. Hannunta ya fara sanyi." Ta rage murya. "Ni na bayar wancan watan, ka sani. In nas za ta ba kowa, da mun ƙare."

"Shekarunki nawa?" Da ni yake.

"Sha huɗu."

"Ba ki kai ba." Ya juya zai tafi, ya ƙara cewa, ba da ni ba, da kansa, "Ko izinin ya zo, da me za a yi aikin?"

A nan na gane abin da ba wanda ya gane a waje. Shugabar makaranta ta tafi da tunanin takarda za ta yi komai. Masta yana tasha yana neman Kaduna. Masu jinya da ke rumfa suna leƙowa suna cewa, "Matar Indiya ce, yanzu za a zo a ɗauke ta." Ba wanda ya tafi neman jini, don kowa ya ɗauka akwai wanda aikinsa ke nan.

Ta taga ina hango ƙafafun Madam a ƙarshen gado. An ɗaga ƙafafun gadon a kan bulo biyu don kanta ya yi ƙasa. Tafin ƙafarta ya koma kalar takarda.

Makaranta ta yi nisa, ba zan kai da ƙafa a kan lokaci ba. Ina tsaye ban san abin yi ba, sai na ji ƙarar tulu daga gangare, irin wanda mata suke bugawa a waƙa. Cocinmu ba shi da nisa da asibitin, kuma ran Talata da rana zumuntar mata take taruwa. Mamata tana ciki.

Na yi gudu har ƙofar cocin, a nan ƙafata ta tsaya. Mata sun fi talatin, suna tsaye suna waƙa, masu tulu da caki a gaba. Ni da ko karatun aya aka ba ni a makarantar Lahadi sai na yi kuka. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira waƙar ta ƙare, kamar mai hankali, alhali kowane baiti lokaci ne yake tafiya. Wata ce a baya ta juyo ta ga rigata, ta yi ƙara. Tulu ya tsaya.

Mama ta ratso mutane ta kama kafaɗuna, tana laluba jikina, tana tambaya da yarenmu ina aka yanke ni. Na ce ba nawa ba ne.

Uwar zumunta, wata doguwar tsohuwa matar mai bishara, ta ce da Hausarta ta koyo, don a taron yare ya fi biyar, "Ku bar yarinya ya yi magana. 'Yata, jinin wa?"

Na ce, "Na Madam." Ba wanda ya ji. Ta ce in ɗaga murya. Na rufe ido na faɗa duka, yadda na ji a baranda, da maganar likita, da ta dattijon.

Wata ta ce, "Ah ah. Ba suna da takarda ba?"

Na ce, "Tana nan, na gan ta. Amma babu jini a asibitin. An ce sai dangi."

"To mu dangin Indiya ne?"

Mai maganar ita ce Maman 'yan biyu, maƙwabciyarmu, mace mai jiki da baki, wadda take sayar da ƙosai a bakin tasha. Ta ce, "Jinin baƙin mutum zai shiga jikin Indiya? Ba za su yi faɗa a ciki ba? A zo a ce mu ne mun kashe ta."

Mama ta ce, "Naki ma ja ne. Ran da lauje ya yanke ki na gani."

"Ke kina wasa. Ana tsakiyar noma. In an zuƙe ni, wa zai shiga mini gonar citta? Ƙanin maigidana ya ba da jini, wata uku bai ɗaga garma ba."

Wata daga gefe ta ce, "Wannan ko bai ba da jini ba ba ya ɗaga garma. Burkutu ne ya zuƙe shi."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan. Wata ƙaramar amarya ta ce ita ba za ta iya ba sai ta tambayi maigida, yana gona. Da yawa suka gyaɗa kai. Na ga suna gyara ɗankwali, suna duban juna, kuma na san in aka fara zuwa gona neman izini, rana za ta faɗi.

Uwar zumunta ta ɗauki jakarta ta rataya. Ta ce, "Matan nan tana zama a bencin baya shekara biyu. Ban taɓa tambaya ko tana da uwa ba. Wanda tana jin tsoro ta zauna ta yi addu'a, shi ma aiki ne. Ni zan je a gwada. In mai bishara ya yi faɗa, na saba." Ta nufi ƙofa.

Ba duka suka biyo ta ba. Wajen rabi suka zauna. Mama ta kama hannuna muka fita, ina jin takun sauran a bayanmu cikin taɓo. Maman 'yan biyu tana daga ƙarshe tana cewa ita rakiya kawai ta zo, kada kowa ya taɓa ta.

Dattijon yana ganinmu ya miƙe, bai tambayi komai ba, ya jera gilasansa a kan tebur. Ya ce su yi layi. Kowace sai ya ja fatar idonta ƙasa ya duba, ya tambaye ta ko tana da ciki, ko ta taɓa yin shawara, sannan ya soki yatsa. Uwar zumunta ce ta farko. Ya ce nata bai dace ba, kuma ko ya dace ta tsufa. Ta ce, "Kai ma ai ba yaro ba ne." Ta biyu bai dace ba. Ta uku tana shayarwa, ya sallame ta. Ta huɗu ma bai yi ba. Duk lokacin da ya ɗaga gilashi wajen haske sai baranda ta yi tsit. Sista ta leƙo sau biyu, ta koma.

Na Mama ne ya fara dacewa. Bayan mutum uku aka samu wata malamar firamare. Layi ya ƙare, saura kwalba ta uku. Dattijon ya dubi Maman 'yan biyu da ke jikin bango.

Ta ce, "Baba, kada ka kalle ni."

"Gwaji ne kawai, 'yata. Ba mamaki ma bai dace ba."

Ta miƙa yatsa tana kallon rufi tana kiran sunan Yesu. Ya juya da tsinke, ya ɗaga. Ya ce, "Shiga ki kwanta."

Ta ce, "Na sani! Tun da safe idona yake rawa." Amma ta shiga.

Na tsaya kusa da Mama lokacin da aka sa mata allurar. Ta fi ta ɗinkin buhu kauri a idona. Jinin yana bin roba yana sauka cikin kwalbar da aka ajiye a ƙasa, wata nas tana girgiza ta a hankali. Mama ta kafa ido a bango. Ta ce da yarenmu, "Daina kallo, je ki wanke rigarki." Ban tafi ba.

Ana cika kwalba ta biyu Masta ya dawo, wandonsa duk laka har gwiwa. Ya samu Kaduna bayan dogon jira. Wani akawu ne ya ɗauka, ya ce manajan ya fita, a sake bugowa gobe da safe, kuma in aka yi aiki a wani wuri ba da izininsu ba, babu ruwansu da abin da ya biyo baya. Haka ya faɗa wa likita. Sai ya ga mata cike da baranda, ya ga kwalaben.

Ya ce, "Jinin wa ne wannan?"

Likita ya gaya masa, ya miƙa masa takardar yarda da biro. Masta bai karɓa ba. Ya tambaya ko an gwada jinin, ko akwai zazzaɓin sauro a ciki, ko an dafa allurorin. Ba raini ba ne, na ga idonsa, tsoro ne. Malamin kimiyya ne, ya san sunayen duk abubuwan da za su iya faruwa.

Dattijon ya ce da Turancinsa na hankali, "Na duba abin da zan iya dubawa. In ta kamu da zazzaɓi muna da maganinsa. Abin da yake tahowa mata yanzu ne ba mu da maganinsa."

Masta ya tsaya, takardar inshora a hannun hagu, yana ta karanta layin nan kamar zai canja. Sista ta fito da sauri ta yi wa likita raɗa, na ga fuskarsa ta ɗaure. Ya ce, "Minti biyar. Bayan haka ko ka sa hannu ba zai yi amfani ba."

Uwar zumunta ta taɓa kafaɗata. Ta ce, "Me yake jira?" Na gaya mata. Ta matsa gabansa, ta fi shi tsawo. Ta ce mini, "Juya masa. Ce masa, ɗana, da uwarta tana nan da ita za ta ba. Ba ta nan. Mu ne muna nan. Ka sa hannu."

Ban taɓa yi wa babban namiji magana da Turanci ba in ba amsar tambaya a aji ba. Na faɗa ina kallon takalminsa. Ban sani ba ko na juya daidai. Na dai ga takalmin ya matsa, na ji ƙarar biro a kan takarda.

Aka tura ta ɗakin aiki, nas tana biye da kwalba a ɗage. Mata suka zauna a ƙasan baranda suka fara waƙa can ƙasa-ƙasa, Sista ta leƙo ta sa yatsa a baki, suka koma motsa leɓe kawai. Aka kawo wa masu ba da jini shayi mai sukari da yawa. Maman 'yan biyu ta shanye nata, ta ce kofin ƙarami ne, jinin da aka ɗiba ya fi haka. Ba wanda ya yi dariya, ita ma ba ta jira ba. Masta yana zaune a kan matakala shi kaɗai, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Sau ɗaya wata nas ta fito a guje ta ɗauki kwalba ta uku, ba ta dubi kowa ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da likita ya fito. Ya je wurin Masta ya tsuguna, suka yi magana a hankali. Sista ce ta zo wurinmu. Ta ce jaririn namiji ne, bai zo da rai ba. Uwar kuwa jini ya tsaya, tana numfashi da kyau, in Allah ya yarda za ta tashi. Wata ta fara kuka, wata ta ce, "Mun gode Ubangiji," duk a lokaci ɗaya. Sista ta ce, "To, wa zai yi jinya? Namiji ba ya kwana a ɗakin mata." Uwar zumunta ta ce ita ce yau, ta nuna wadda za ta karɓe ta gobe da wadda za ta kawo kunu.

An bar mu mun leƙa ta ƙofa kafin mu tafi. Idonta a rufe, amma ta motsa baki, uwar zumunta ta jiƙa auduga ta shafa mata a leɓe, na ga ta lasa.

Muka kama hanyar gida ni da Mama, ta bin layin dogo. Ta ƙi in riƙe ta. Tana tafiya tana lissafa abin da ya rage na tuwon dare, wai ba a ko tankaɗe gari ba. Mun wuce gadar ƙarfe kaɗan sai ta rage sauri, ta nemi wani dutse ta zauna, ta dafe goshi. Gumi ya tsattsafo mata a hanci. Na tsaya a gabanta ina kare ta daga masu wucewa.

Bayan ɗan lokaci ta ɗago. Ta cire audugar da ke gwiwar hannunta, ta duba, ta jefa cikin ciyawa, ta jawo mayafi ta rufe wurin.

Ta ce, "Ni zan gaya wa babanki na ba da jini. Ke kada ki gaya masa na zauna."